Golmon Shekara ta Bakwai

Abin da ya fi ba ni mamaki a daminar yanzu shi ne shiru. Ruwa yana sauka yadda ya saba, dawa tana fitowa yadda ta saba, amma in ka zauna a ƙofar gida da safe ka kasa kunne wajen gonaki, ba ka jin komai sai kukan babur. Jikana yakan goya wata jarka a baya, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya bi gona yana fesa magani, kafin rana ta take ya dawo ya ce wai ya gama noma. Na taɓa tambayarsa yadda maganin yake gane ciyawa ya bar dawa. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, kai dai da tambaya." Gaskiyarsa kuwa. Tambaya ce cutata tun ina ƙarami. Ni ne yaron da ya fasa gangar kawunsa don ya ga inda amon yake kwana, na sha dukan da har yau in na tuna sai na shafa bayana. Tsufa ya ɗauke mini haƙora da ƙarfin gwiwa, amma wannan cutar ya bar mini ita.

A zamaninmu gona ba ta shiru. Tun kafin hazon ruwa ya tashi daga kan duwatsun Zuru za ka ji samari suna kiran juna daga wannan unguwa zuwa waccan, ana wasa garma a kan dutse, ƙarfe yana kuka. Golmo ke nan. Yaran yanzu sun san sunan, amma ba su san nauyinsa ba. A wurinmu namiji ba ya samun mata da daɗin baki. In ka ga yarinya kana so, iyaye suka amince, to za ka yi wa mahaifinta noma damina bakwai cur. Ba kai kaɗai ba, ku ne tsara guda, ku haɗa kai, yau ku faɗa gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, har ku zagaye. Mukan jeru kafaɗa da kafaɗa, garma ta tashi tare ta sauka tare, mai waƙa yana gaba yana zuga, wanda aka bari a baya kuwa ya shiga uku, don sunansa zai shiga waƙa har kaka. Na sha tambayar kaina wane ne ya fara yanke bakwai ɗin, me ya hana ya ce biyar. Na tambayi mahaifina sau ɗaya, ya ce wanda ya yanke ya san halin samari, shekara biyu kowa zai iya yin ƙaryar kirki, amma bakwai sai halinka ya gaji da ɓuya ya fito.

Ni tawa a filin kokawa na same ta, kuma ba don na yi abin kirki ba. Wani gajere ne ya ɗaga ni ya buga da ƙasa a gaban jama'a. Ina kwance ina ƙirga haƙarƙarina sai na ji dariyar wata yarinya ta fi ta kowa. Na tashi da niyyar in harare ta, sai ta ce, "Ka faɗi da kyau dai, ban taɓa ganin wanda ya iya faɗuwa kamarka ba." Daga ranar na rasa sukuni. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, ga baki. In ta kawo mana kunu gona, sai ta ajiye ƙwaryar nesa da ni da gangan, ta ce wanda bai kai ƙarshen kunyarsa ba bai ji ƙishi ba tukuna. Abin da ya haɗa jininmu shi ne ita ma ba ta barin abu ya wuce ta. Takan tsaya ta kalli tururuwa suna jan ƙwayar dawa har uwarta ta ƙwala mata kira sau uku. Ba zan faɗi sunanta ba. Waɗanda suka san shi duk sun riga ni, ni kuma na saba riƙe shi a ciki.

Tambayar nan tawa ce ta kai ni majami'a. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya dawo daga soja da ɗingishi da kuma wani littafi a cikin jakar fata, muna ce masa Baba Kofur. Shi ya kafa wata rumfar kara a bayan gidansa, yana tara mutum bakwai ko takwas ran Lahadi, yana buga wani guntun ƙarfe da ya rataye a bishiya a maimakon ƙararrawa. Ni ba bishara ta kai ni ba, so nake in ga yadda takarda take magana. Na zauna kusa da shi ina leƙen bakinsa ina leƙen littafin, ina neman inda dabarar take. Ya lura da ni, ya ɗauki tsinke ya zana mini baƙaƙe a ƙasa. A gida yarenmu muke yi, Hausa ta kasuwa ce, amma a rumfar nan na koyi karanta ta. Na shiga neman sirrin takarda, sai maganar da ke cikinta ta kama ni. Ban san ranar da abin ya faru ba. Na dai wayi gari na ga na yarda da Yesu, na yarda kuma cewa ya san ni. Yarinyar nan ma ta biyo baya, da farko wai don ta ga abin da ke hana ni zuwa kokawa, daga baya ta fi ni riƙe waƙoƙin. Ranar da Baba Kofur ya karanta mana labarin wani bawan Allah da ya yi wa surukinsa bauta shekara bakwai saboda mace, rumfar nan ta kaure da dariya. Wata tsohuwa ta ce ashe mutanen Littafi ma danginmu ne.

Mahaifinta bai bi ba, bai kuma hana ta ba. Mutum ne marar yawan magana, mai bin hanyar kakanni sau da ƙafa. Har yau surukina nake ce masa. Yana da ɗa namiji guda, ya tafi soja, wasiƙa ma ba ta zuwa. Duk ƙasar nan an san shi da idon noma. In 'yan golmo suka tashi daga gonarsa, ba ya yabo ba ya zagi, sai bayan kwana uku in ruwa ya sauka ya ɗauki sandarsa ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, noma iri biyu ne. Akwai na gaskiya, ka sare ciyawa daga saiwa, ka kakkaɓe ƙasar, ka kifar da ita saiwar ta kalli rana. Akwai kuma wanda muke kira rufa-ido, ka jawo ƙasa da garma ka binne ciyawar da ranta. A ranar duka biyun kamarsu ɗaya, gona ta yi baƙi ta yi kyau. Sai ruwa ya taɓa ta, harƙiya ta ɗago kai ta tona maka asiri. Damina shida na yi masa bai taɓa samun rufa-ido a layina ba. Ko da na daina fita ran Lahadi, abokaina suna tsokanata wai na zama Bature, nakan rama aikin ran Litinin tun da duhun asuba. Abin da ya taɓa faɗa a kai, ta bakin 'yarsa na ji shi. Wai ya ce Allahn yaron nan dai bai hana shi riƙe garma ba.

Bazarar da ta biyo bayan damina ta shida, sanƙarau ya shigo. Ni ina Ribah a lokacin, mahaifina ya aike ni in taya ƙaninsa rufin ɗaki. Tafiyar ƙafa ce, babu waya, babu babur, labari yakan zo ne da wanda ya ci kasuwa. Kwana tara na yi. Da na dawo, tun daga bakin rafi na ga matan da ke wanki sun sunkuyar da kai, babu wadda ta tsokane ni, alhali kullum sai sun tambaye ni saura damina nawa. Mahaifiyata ta tare ni a ƙofar gida ta karɓi kayan da ke kaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba. Ta faɗa mini a tsaye, yarinyar ta rasu. Ciwon kwana uku ne, wuya ya sanƙare, an binne ta kwana huɗu kafin in iso. Daga baya na ji sauran. Baba Kofur ya je har gida ya roƙi a ɗauke ta a kai ta ɗakin maganin mishan, ya ce shi da mutanensa za su ɗauke ta a kafaɗa. Surukina ya ce a bari tukuna, an riga an kira mai magani na gida, a ga abin da gobe za ta yi.

Ba zan yi wa kaina ado ba, na tsani mutumin nan. Na tsane shi tsanar da in na hango shi a hanya sai in ratse cikin daji. Kuma ba shi kaɗai ba. Da Allah ma na yi fushi, sai dai shi ban san ta inda zan ratse masa ba. Ina zuwa sujada, ina zama a baya, bakina yana motsi in ana waƙa, amma babu abin da ke fita. Tambayoyin da a da suke ba ni daɗi suka koma suna cizona. Me ya sa ita? Me ya sa sai da na bar gari? In ya san ni kamar yadda na yarda, bai ga damina shida da na zuba ba? Dattawan gidajen biyu suka zauna, suka ce igiya ta tsinke, babu sauran noma a kaina. Wani ya kawo shawarar a ba ni 'yar ƙanin mahaifinta in ƙarasa shekara guda a kanta. Na ce ba na so, ita ma yarinyar na ji ta ce ba ta so, maganar ta mutu. Da ruwa ya sauka tsarana suka fita golmo, suka tsallake gonar surukina, don babu wanda zai yi noma a gonar da babu amarya. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake.

Gonar nan kuwa a bakin hanyar kasuwa take, duk yadda na so in kauce sai na wuce ta. Surukina ya yi shuka shi da matarsa, dawa ta fito, ciyawa ta fito ta fi ta. Ciwon baya ya riga ya lanƙwasa shi, in ya yi kunya biyu sai ya zauna. Na farko da na gani na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Na biyu ban ji komai ba. Na uku sai wani abu ya tsaya mini a ƙirji ya ƙi wucewa. Ba murya na ji ba, ban ga wahayi ba, kada wani ya ƙara wa labarina gishiri. Kawai duk abin da aka karanta mana game da yafe wa wanda ya ɓata maka da ƙaunar wanda ba ka so, wanda a da nake jin daɗinsa kamar tatsuniya, sai ya sami fuska, fuskar kuwa ta tsohon nan ce. In na ɗauki loma sai in tuna rumbunsa. Na yi mako biyu ina kokawa da abin, daga nan na tafi wurin Baba Kofur don ya ce mini ba dole ba ne.

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na tsuguna na gaishe shi, na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Baba, dattawa sun ce babu noma a kaina. A Littafi akwai inda aka ce sai na yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Babu inda aka rubuta golmo."

Na ji sanyi, na fara shirin tashi. Sai ya ce, "Amma ɗana, wa ya ce maka ka yi, har ka zo neman wanda zai ce kar ka yi? Ni dai ban ce ba. Uwarka ba ta ce ba. Tsohon ma bai roƙe ka ba. To wa ke nan?"

Na koma na tsuguna.

Ya ce, "Tun da ka san wanda ya aike ka, mi kake nema gare ni? Ni kofur ne, ba ni soke umurnin da ya hito daga sama da ni."

Na ce, "Shi ya kashe ta."

Sai a lokacin ya ajiye fartanyar ya dube ni. Ya ce, "Ciwo ya kashe ta. Shi ya yi jinkiri, kuma ya sani. Ni ma na so yarinyar nan, ni na koya mata baƙi. Ba ni da amsar mi ya sa, kar ka tambaye ni, na tambaya ban samu ba. Tahi ka yi abin da ka ji, ko ka bari. Amma kar ka ce ba ka ji ba."

Na tafi. Washegari na saɓa garma na shiga gonar ba sallama, ba gaisuwa. Tsohon yana zaune a gindin ɗorawa, ya dube ni, na kau da kai. Na ce a raina, to Ubangiji, ka ce in zo, ga ni na zo, sai ka sake ni. Kuma a karo na farko a rayuwata na yi rufa-ido. Ina jawo ƙasa ina binne ciyawa da ranta, ina sauri, ina jin wani daɗi mai ɗaci. Masu wucewa kasuwa suna tsayawa suna kallo, ina jin suna cewa dubi yaron kirki, yarinya ta mutu amma bai bar tsoho ba. Yabon ya shige ni, ƙaryar ma ta shige ni, na haɗiye su tare. Matarsa ta kawo kunu ta ajiye, ban taɓa ba. Kwana huɗu na yi haka, na ci kusan rabin gonar, sai ruwa ya sauka mai yawa. Na san abin da zai biyo baya, har ina jiransa. So nake ciyawar ta tashi ya gani, ya san abin da ke raina ba sai na buɗe baki ba.

A bakin hanya ciyawa ba ta tashi ba. Na dawo bayan kwana uku na tarar da kunyoyin farko tas, babu ko ɗan kore. Na tona da yatsa inda na san na binne harƙiya, babu ita. Na duba cikin kwari sai ga ta a kife, saiwa sama, ta bushe. To fa, tsohuwar cutata ta motsa. Fushi bai hana ni son sani ba. Na fara zargin mahaifiyata, na duba hannunta, babu alama. Na zargi mutanen Baba Kofur, na bugi cikin biyu daga cikinsu, ba su san zancen ba. Kullum in na zo da hantsi sai in ga an ƙara gyara layi uku ko huɗu daga cikin ɓarnar da na yi, ba a wuce haka. Wane irin mai taimako ne wannan da ba ya iya wuce layi huɗu? Amsar tana gabana a gindin ɗorawa, amma zuciyata ta ƙi kallon wajen. Sai na yanke in yi sammako in gani da idona.

Gari ya fara haske, zakaru suna ta cara, na laɓe a bayan wata sabara. Ga shi nan. Ba da garma yake yi ba, don bayansa ba zai bari ba. A kan gwiwoyinsa yake, yana jan jiki, yana tona ƙasar da na jawo da yatsunsa, ya zaro ciyawa, ya kakkaɓe, ya kifar, sannan ya mayar da ƙasar ya lallaɓa ta yadda ba za a gane an taɓa ba. In ya yi taku biyar sai ya dafa ƙasa ya huta. Na daɗe ina kallo. Ban san lokacin da na fito ba, sai dai na gan ni tsaye a kansa. A al'adarmu suruki ba ya tsayawa a kan surukinsa, ba ya ma kallon idonsa. Na tsuguna.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi mini magana ba?"

Ya share hannunsa a cinya. Da yarenmu ya amsa, ina juya shi ne yadda zan iya. Ya ce, "In ce mi? Babu abin da ya ɗaure ka a nan. Wanda ya zo don kansa ake yi wa gyara. Kai na ga ƙafafunka aka turo, kai kana can."

Na ce, "To ka bar ciyawar mana, kowa ya ga abin da na yi."

Ya ce, "Gonar ga bakin hanya take. In ta tashi, ba sunanka za a kira ba, za a ce ga aikin masu bi. Ɗiyata kuwa ta hwaɗa mini ku ba ku yin abu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ta yi mini gardama a kai har na yi dariya. Ba ni so a mai da ita maƙaryaciya tana kwance."

Na sunkuyar da kai. Shi kuma da bai saba doguwar magana ba, ranar ya ci gaba, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Na san abin da kake riƙe da ni. Riƙe shi, gaskiyarka ce. Da Kofur ya zo, tsoro na ji. Waɗanda na ga an ɗauka an kai can, wasu ba su dawo ba, na ce kar ta mutu a hannun baƙi, nesa da uwarta. Na ce a bari gobe. Kullum da asuba maganar nan nake ji, a bari gobe. Shi ya sa ma nake fitowa, kwanciya ba ta yi mini."

Na sha jin wa'azi a rayuwata, na yi wa wasu ma, amma babu wanda ya tone ni kamar wannan. Mutumin da bai taɓa taka rumfar sujada ba yana jan gwiwa a cikin laka yana kare sunan Ubangijina, ni da aka yi wa baftisma ina binne ƙarya a gonarsa ina karɓar yabo. A wurin na gane cewa tun bazara abin da nake yi wa Allah ke nan. Ina zuwa, ina zama, ina motsa baki, na jawo ƙasa na rufe. Kuma na gane ba zai ba ni amsar tambayata kafin in bi shi ba. Ko in bi shi da ciwon a buɗe, ba tare da na san dalili ba, ko in tashi in tafi gaba ɗaya in daina wasa da shi. Na ji tsoron duka biyun. Ban daina jin zafin rashinta ba a safiyar nan, kada a ce na faɗi haka. Abin da na yi kawai, na ce a raina, ban gane ba, ban kuma yarda cewa daidai ne ba, amma ga ni, wannan karon gaba ɗayana.

Na ce, "Baba, tashi ka koma inuwa." Na kama shi na ɗaga, karo na farko da hannuna ya taɓa jikinsa, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Na koma layin farko na ranar farko na fara daga nan. Abin da na ɓata a kwana huɗu sai da ya ci mini kwana tara, don tone rufa-ido ya fi noma wuya. Masu wucewa suka rinƙa tambaya me ya sa nake maimaita inda na gama. Na ce musu ban gama ba, ƙarya na yi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka baƙin ciki ya taɓa mini kai. Da matarsa ta kawo kunu na karɓa da hannu biyu na sha, ƙwaryar da 'yarta take kawo mana ce, na sha ina hawaye, ita ma ta juya baya tana share ido da bakin zane. Ran Lahadi na buɗe baki a sujada murya ta fito, ba daɗi, amma tawa ce. Na yi maimai, na yi huɗa, ni kaɗai, babu mai waƙa babu mai zuga. Can wajen huɗa, mutum biyu daga cikin tsarana suka zo suka jeru kusa da ni.

Dawa ta yi kyau a shekarar. Muka yanke, muka ɗaure, muka cika rumbu har ya rage. A ƙa'ida ranar da aka rufe rumbun damina ta bakwai ita ce ranar da uba zai kira saurayi ya ce ka gama, a sa ranar ɗaukar amarya. Da muka liƙe bakin rumbun ya kira ni, ya zauna a kan turmi, na tsuguna a gabansa, matarsa tana tsaye a bakin ɗaki. Ya ce, "Ka gama." Sai ya buɗe tafin hannayensa biyu ya nuna mini. Ya ce, "Ba ni da abin da zan ba ka."

Na ce, "Na sani, Baba. Na sani tun kafin in fara."

Mutane sukan tambaye ni ko daga baya ya bi. Ban sani ba. Bai taɓa zuwa sujada ba, amma sau da yawa in zan tafi yakan ce in yi irin addu'armu kafin in tashi, ya sunkuyar da kai har in gama. Abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa yana cikin tambayoyin da zan tafi da su, tare da waccan babbar, wadda har yau ba a amsa mini ba. Na yi aure daga baya, na yi wa wani surukin nasa noman, Allah ya ba ni mace ta gari da zuriya, ba ni da ƙorafi. Amma da ruwan shekara mai zuwa ya sauka, kafin in taɓa gonar kowa, na saɓa garma na nufi bakin hanyar kasuwa. Yana zaune a gindin ɗorawa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, ka manta ne? Golmo ba shi da ta takwas."

Na ce, "Ba golmo na zo ba, Baba. Gonar ubana na zo."

Ya jawo sandarsa, ya nuna mini gefen da ciyawa ta fi yawa, ya ce in fara daga can.